Baƙin Mai Tukuna, Fenti Daga Baya

Ɗana, tunda Allah ya hore maka mota, Allah ya sanya alheri, ya tsare hanya. Amma zo ka zauna kafin ka tafi sayen gwangwanin fentin nan da kake ta zancensa. Na san abin da ke cin ka. Ka ɗaga bonet ka ga inji duƙun-duƙun, ƙura ta haɗu da maiƙo ta daskare, na abokinka kuwa sai ɗaukar ido yake, an feshe shi da ruwan azurfa har kan tiyo. Kai ma kana so in ka buɗe naka a majalisa a ce ma sha Allah. Ban hana ka ba. Tambaya ɗaya kawai zan yi maka. In na ce ka ɗora yatsa a inda baƙin mai ke shiga, da inda ake auna shi, da inda yake fita, da inda ake tace shi, za ka iya ba tare da ka buga wa bakanike waya ba? In amsar a'a ce, to fenti ya jira.

Zan yi maka misali da Toyota Corolla ta 2003 zuwa 2008, irin wadda ake shigowa da ita daga Amurka, domin ita ce ta cika titunanmu, kuma duk garejin da ka shiga daga Sakkwato zuwa Maiduguri an san cikinta. Injinta mai lita 1.8 ne, lambar samfurinsa 1ZZ-FE. A gicciye yake kwance. In ka tsaya gaban mota kana fuskantar gilas, inji na hannunka na hagu, wato ɓangaren fasinja, inda fanbel yake. Giya kuma na hannunka na dama, ɓangaren direba, wajen batir. Riƙe wannan rabon da kyau, zai yi maka rana in mun leƙa ƙarƙashi. Ko motarka Honda ce ko Golf ko tsohuwar Fijo, abubuwan nan huɗu suna nan, wurin zamansu ne kawai ke sauyawa.

Fara da geji. Nemi wani ɗan zobe ruwan ɗorawa a gaban inji, daidai shigar yatsa. Ba don ado kamfani ya yi masa wannan launin ba, don ido ya faɗa kansa ne ko da magariba. Ka tsayar da mota a wuri shimfiɗaɗɗe, ka kashe, ka ba ta minti biyar man da ke sama ya gangaro. Ka zaro, ka goge da tsumma mai tsabta, ka mayar har ya zauna, sannan ka sake zarowa. Zarowar farko ba a karanta ta, domin mai ya fantsama a jikin ƙarfen lokacin da inji ke aiki. A ƙarshen gejin akwai alama biyu. Mai ya tsaya a tsakaninsu, kusa da ta sama. Tazarar da ke tsakanin alamomin nan ta kai lita ɗaya ko ta ɗan ɗara, saboda haka in ka ga ya sauka kaɗan, ba galan guda ake bulbula masa ba.

Kada ka tsaya ga tsayin man kawai. Shafa shi tsakanin yatsa biyu. Baƙi ba laifi ba ne, aikin mai ke nan ya kwashe dattin ƙonewa ya riƙe. Abin tsoro shi ne ka ji tsakuwa-tsakuwa a yatsa, ko ka ga ƙyalli-ƙyallin ƙarfe, ko ka ji warin fetur yana tashi. In kuwa ka ga ya koma launin shayi mai madara, ruwan lagireto ya samu hanya ya shiga mai, galibi gaskit ɗin tof ne ya ƙone. Wannan motar ba juyen mai take buƙata ba, bakanike take buƙata, kuma kada ka tuƙa ta zuwa gare shi.

In motarka atomatik ce, akwai geji na biyu can ɓangaren giya. Na man giya ne, mansa ja ne in yana da lafiya. Kada ka haɗa su. Kuma kada ka ce ai akwai fitilar mai a dashbod, za ta gaya mini. Jar fitilar nan mai hoton buta ba yawan mai take aunawa ba, ƙarfin bugunsa take aunawa. Kafin ta kama, famfon ya riga ya fara jan iska. In ta kama kana tafiya, ka gangara gefen titi ka kashe nan take, ko da saura kwana ɗaya ka isa gida. Tsakanin kamawar fitilar nan da bugawar inji, wani lokaci ko minti biyu babu.

Murfin zuba mai yana saman inji, baƙi, da hoton buta a kansa. A Corollar da nake ba ka labari har an rubuta 5W-30 a jikinsa. Dubi yadda kamfani ya sauƙaƙa maka: ba sai ka nemo littafin mota ba, wanda dama ba ya zuwa da motar Kwatano. Akwai wasu murafen a kewaye, na lagireto, na man birki, na man sitiyari, na ruwan goge gilas. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya ka san kowanne. Baƙin mai cokali kaɗan a cikin tankin man birki yana kumbura robobin birkin gaba ɗaya. Na lagireto kuwa, ba a buɗe shi inji na da zafi, ruwan ciki a matse yake, zai yi tsalle ya saɓule maka fata.

Yanzu mu sauka ƙasa, kuma a nan zan ɗaure fuska. Jak ɗin da ke cikin but an yi shi ne don canza taya a bakin hanya, ba don mutum ya cusa ƙirjinsa ƙarƙashin mota mai nauyin fiye da tan ɗaya ba. Bulo ma ba abin dogaro ba ne, yana rugujewa ba sallama. Ko dai ka hau ramin gareji, ko ka samo ƙafafun ƙarfe da ake tokare mota da su, ka ja birkin hannu, ka sa dutse bayan tayoyin baya, ka girgiza motar da hannu ka tabbatar ta zauna kafin ka shiga. In babu ko ɗaya, ka biya kuɗin rami. Mahaifiyarka ba ta haife ka don ka yi tsimin wannan ɗan kuɗin ba.

In atomatik ce, da ka kwanta ka ɗaga ido za ka ga kasko biyu, ba ɗaya ba. Na ɓangaren fasinja shi ne kaskon baƙin mai, da notinsa guda a gefe, sifana mai lamba 14 ke kama shi. Na ɓangaren direba kaskon man giya ne, shi ma da nasa notin. A nan sababbin hannu ke yin ɓarnar da ta fi kowace tsada: yaro ya kwance na giya ya tsiyaye shi tas, ya hau sama ya zuba sabon mai lita huɗu a kan tsohon da bai fita ba. Inji ya cika ya batse, giya ta bushe, mai mota ya biya ya tafi yana godiya. Ba zai yi nisa ba. Maganin abin mai sauƙi ne. Ka dubi ɗigon farko. In ja ne, mayar da noti maza. Ko ba kai ke yin juyen ba, ka tsuguna ka gani da idonka, kada ka tafi shan shayi ka bar mota da yaron da ya fara koyon aiki watan jiya.

A yi juye inji na da ɗumi, ba da zafi ba. Mai ɗumi ya fi gudu, ya fi fitowa da datti. Buɗe murfin sama tukuna don iska ta shiga. Sassauta noti da sifana, ka ƙarasa da yatsu kana danna shi ciki, sai a zaren ƙarshe ka fizge hannu gefe, in ba haka ba mai zai bi ka har gwiwar hannu. Bar shi ya tsiyaye sai ya koma ɗigo. A wuyan notin akwai ɗan washa mai laushi, aikinsa ya lotse ya toshe kafa. Sau ɗaya yake lotsewa da kyau. Kuɗinsa kaɗan ne, amma sai ka ga an yi shekaru ana mayar da tsohon, in ya fara ɗiga a ƙara ɗaurewa, in ya ci gaba a naɗa masa zare ko a shafa gam. Daga nan zaren kasko ya cinye, a ce sai an sayo wani kaskon. Mayar da noti da yatsu har ya zauna, sannan ka ɗaure da sifana daidai ƙarfin hannu ɗaya. In ka ga yaro ya zura bututu a bayan sifana yana taka shi da ƙafa, tsayar da shi, ko ya ce maka, "Alhaji, ai haka muke yi."

Filta tana kusa, a gaban inji daga ƙasa, gwangwani ne mai girman kofin shayi da aka murɗa a jiki. A Corollar 2009 da 'yan shekarun bayanta kamfani ya canza, ya koma murfi da takarda a ciki, takardar da zoben roba kawai ake canzawa. Ta gwangwanin tana da tarko ɗaya da nake so ka sani. In ka kwance tsohuwar, juya ta ka duba bakinta: baƙin zoben robarta ya fito tare da ita? Wani lokaci yana maƙalewa a jikin inji, baƙi a kan baƙi, ido ba ya lura. Ka ɗaura sabuwa a kansa, zobe biyu su haɗu. A gareji ba za ka ga komai ba. Sai ka hau titi, bugun mai ya ƙaru, zoben ya fice, man inji duka ya zube a kwalta cikin ƙiftawar ido. Saboda haka shafa wurin da yatsa ka ji ƙarfe zalla. Sabuwar kuma ka dangwali sabon mai ka shafe zobenta, ka murɗa da hannu har ta taɓa, ka ƙara kamar kashi uku cikin huɗu na zagaye. Shi ke nan. Ba a ɗaure filta da sifana, ba a kuma soke ta da sukudireba sai in ba makawa wajen cirewa.

Kada ka yarda a yi maka juye a bar tsohuwar filta wai ai ba ta daɗe ba. A cikinta akwai wata 'yar ƙofa da ke buɗewa in takarda ta toshe, mai ya wuce ba tacewa, don kada inji ya bushe. Wato toshasshiyar filta ba ta kuka, ba ta kunna fitila, kawai ta daina aiki ne kai ba ka sani ba.

Wannan injin wajen lita 4 yake sha. In galan ɗinka mai lita 5 ne, ba duka za ka juye ba. Zuba uku da rabi da mazurari, jira, auna, ƙara kaɗan-kaɗan. Tayar da mota, fitilar mai ta mutu cikin daƙiƙoƙi, leƙa ƙasa ka ga ko noti ko filta na tsatsafowa, kashe, jira, sake aunawa, domin filta ta sha nata kason. Mai ya wuce alama ba alheri ba ne. Kuranshaf zai riƙa dukansa yana kumfa, kumfa kuwa iska ce, ba ta raba ƙarfe da ƙarfe.

Sai maganar wane mai. Za ka ji kanikawa da yawa suna cewa ƙasarmu da zafi, sai mai kauri, 20W-50 ko SAE 40. Maganarsu tana da asali. Sun koyi aiki ne a kan Fijo 504 da kamfanin PAN ya riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975, da tsofaffin Datsun da Bitil, injunan da tsakanin ƙarafansu ke da sarari, mai kauri ya dace da su. Injin Corollarka ba haka yake ba. Hanyoyin mansa matsattsu ne, kuma yana da tsarin VVT-i wanda da bugun mai yake sauya lokacin buɗewar bawul, ta wata 'yar raga mai ƙananan idanu. Lambar da ke gaban W tana nuna yadda mai ke gudu da sanyi, wato da asuba in ka tayar, lokacin da inji ya fi cin kansa kafin mai ya kai sama. Ta bayan kuma kaurinsa ne in ya yi zafi. Inji mai lafiya, ko a Afrilun Maiduguri ko a sanyin Jos, ruwansa a kusan digiri 90 yake aiki, fanka da lagireto ne ke riƙe shi a nan. Don haka ka bi abin da ke rubuce a murfi. In inji ya tsufa yana shan mai, a ɗan ƙara kauri da shawarar wanda ya san aiki, wannan daban. A bayan galan kuma ka nemi harufan API: SL ta fito a 2001, SM a 2004, SN a 2010, SP a 2020. Sabuwa tana maye gurbin tsohuwa a injin fetur.

Amma duk wannan karatun banza ne in abin da ke cikin galan ba shi ne aka rubuta a jiki ba. Jabun mai ya yi yawa a kasuwa, har hukumar SON na kamawa lokaci-lokaci. Wani tsohon mai ne aka tace aka ɗura a galan mai suna. Saya a gidan mai ko wajen dila sananne, duba hatimin murfi, a buɗe a gabanka. Araha ba ta ado. In an gama kuma ka tafi da galan ɗinka ko ka huda shi. Ka taɓa tambayar kanka me masu bi gareji-gareji suna sayen galan wofi ke yi da shi?

Ga wani abu da ke ruɗa mutane. Motar Amurka da mil take ƙirga tafiya, mil ɗaya kuwa kilomita 1.6 ne. In bakanike ya ce ka dawo bayan 5,000 ka tambaye shi dubu biyar na me, domin mil 5,000 kilomita 8,000 ne. Da irin ƙurar hunturunmu, da cunkoson da mota ke tsaye inji na aiki, da gajerun tafiye-tafiye daga gida zuwa kasuwa, ni ina ganin kilomita 5,000 ko wata shida, duk wanda ya riga, shi ne zaman lafiya ga man da ba na roba mai tsada ba. Rubuta kwanan wata da lambar mita a ɗan littafi ka ajiye a aljihun dashbod. Duk juye ka buɗe filtar iska ka ɗaga ta ga rana. In haske ba ya ratsa ta, canza ta, domin ƙurar da ta kasa riƙewa a cikin manka za ta ƙare.

Tsohon man kuma kada ka zubar a kwata ko kusa da rijiya, kada ka bar shi a buɗe inda yara da awaki ke yawo. Kuma don Allah, in ka ji wani ya ce a shafa wa yaro a ƙazuwa ko makero, ko a shafa wa dabba a miki, ka hana. Yana ɗauke da gubar ƙonewa da ɓurɓushin ƙarfe, yawan taɓa fata da shi ma an tabbatar yana da haɗarin cutar daji. Ɗura shi a jarka ka kai gareji, akwai masu karɓa. Ka wanke hannu da sabulu, ba da fetur ba.

To, yanzu mu zo kan fentinka.

Inji yana magana da tabo. In gaskit ɗin murfin sama ya fara gajiya, za ka ga danshi ya bi gefen tof ƙura ta manne. In ruwa na tsatsafowa a bakin tiyo, zai bar farin gishiri ko ja-ja. In salansa na fitar da hayaƙi a mahaɗa, zai bar baƙin zane. Da waɗannan bakanike nagari ke gane ciwo kafin ya kwance noti ɗaya. Wanda ya wanke ya feshe komai da azurfa ya share wannan shaidar. Shi ya sa in ka je sayen mota ko injin Beljiyam, a Ƙofar Ruwa ne ko Panteka ko Ladipo, ka ga inji na walƙiya, fenti har kan wayoyi da kawunan noti, kada ka yi murna. Tambayi me aka rufe. A tayar, a bar shi ya yi zafi sosai, ka shimfiɗa kwali a ƙasa ka ga abin da zai ɗiga. Ranar da kai ma za ka sayar, ka ji tsoron Allah. Fesa fenti a kan tsagewa ko yoyo don mai saye kada ya gani algus ne, addininmu ya hana ɓoye aibin haja, kuma kuɗin ba ya albarka.

Akwai fenti na gaskiya, ban musa ba. Tsofaffin injuna masu gangar jikin baƙin ƙarfe, irin na Fijo 504 ko Hilux na da, suna tsatsa, fenti kariya ne gare su. Ƙarafan da ke riƙe da batir, da kaskon mai na ƙarfe, da maƙalai iri-iri, su ma haka. Amma gangar injin Corollarka alminiyom ce, ba ta jan tsatsa, bututun shaƙar iskarta kuma roba ce. Abin da take so wanki ne kawai, shi ma da hankali: inji a sanyaye, a rufe altaneta da kwayil da akwatin fis da leda, a yi da burushi da maganin maiƙo, ba a kafa mata bakin injin wankin mota ruwa ya shige soket-soket ba.

In ka nace sai ka yi, to murfin saman inji ya ishe ka, shi ne ido ke fara gani. Sharaɗin farko, a gyara duk wani yoyo, a yi mako ana hawa a ga wurin a bushe. Na biyu, a ciro abin da za a fenta daga jikin mota. Fesawa a cikin ɗakin inji aikin malalaci ne, iska za ta kai fenti inda ba ka aike shi ba. Cire kan batir na baƙar waya tukuna, ka ɗauki hoton komai da wayarka kafin ka zare soket ɗaya, notuna kuma a gwangwani guda. Inda ka ɗage murfin, rufe buɗaɗɗen injin da tsabtataccen ƙyalle, ko ƙwayar yashi kada ta faɗa.

Kashi tara cikin goma na aikin fenti wanki ne da gurza. A wanke maiƙo har sai farin tsumma ya fito fari, a gurje da samfefa mai laushi don fenti ya samu abin kamawa, a sake gogewa, kada a ƙara taɓawa da hannu. In wani ya ce kawo a feshe maka shi da yashi ya fi sauri, ka ƙi. A cikin murfin akwai farantin da aka manne wanda ba ya ciruwa, yashi na ɓuya a bayansa, wanki ba ya fitar da shi duka. Sai mai mai zafi ya zo ya kwaso shi ya kai wa metal da kuranshaf. Cikin murfin da bakin da gaskit ke zama da ramukan noti da ramukan fulogi, duk a rufe su da salatif da jarida. Fentin da ya shiga ciki zai ɓare, ya gangara kasko, ya toshe ragar da famfon mai ke zuƙa ta cikinta.

Fentin ƙofa ko na jikin mota ba ya wannan aikin. Karanta gwangwani. Wanda aka yi don inji yana jure wajen digiri 260, ya isa ga murfi da ganga. Bakin salansa inda ya fito daga inji kuwa yana wuce digiri 500 in ana gudu, nasa fentin daban ne, mai jure 650 zuwa sama, kuma sai an gasa shi sannu a hankali yake kamawa. Ka fesa masa na gama-gari, kafin ka kai bakin titi ya ƙone, hayaƙi da wari su cika mota. Alminiyom kuma yana son shafen farko irin wanda ke cizon ƙarfe, in babu shi fenti zai saɓule a damina ɗaya. Girgiza gwangwani minti biyu, tsaya nesa da taƙi ɗaya ko ɗaya da rabi, hannu na tafiya kafin ka danna, yana tafiya bayan ka saki. Shafe uku marasa kauri, da ɗan jira a tsakani kamar yadda gwangwanin ya ce, sun fi ɗaya mai kauri da zai yi hawaye. Kada ka yi ranar da iskar hunturu ke kaɗawa, ƙura za ta zauna a kai. Kada ka yi a kan ƙarfen da rana ta gasa, fenti zai bushe a iska kafin ya sauka. Inuwa, da hantsi, a fili, da abin rufe hanci na masu fenti, nesa da murhu da janareto da mai shan taba.

Akwai wuraren da fenti haramun ne gare su ko da wasa. Fanbel da kwarin da yake bi, domin zai riƙa zamewa yana ƙara, caji ya ragu, famfon ruwa ya yi sanyin gudu. Soket da na'urorin da ke kai wa ƙwaƙwalwar mota labari, musamman wadda ke auna iska a bayan filtar iska, ƙurar fenti kaɗan ta isa ta rikita ta. Saƙar lagireto. Inda aka ɗaure baƙar waya a jikin inji ko jikin mota, domin fenti ba ya wuce wuta. Ka fente wurin ka mayar da waya, gobe mota ta ƙi tashi ko fitilu su riƙa rawa, ka yi ta zarya wajen mai rewaya yana canza maka abin da lafiyarsa lau. Zoben geji ruwan ɗorawa da rubutun kan murfin mai, ka bar su yadda suke, wanda zai ari motarka ko ƙaninka da za ka aika da su zai gane hanya. Sai lambar inji da aka buga a jikin ganga. Nemo ta, ka gwada da ta takardunka, ka manna mata salatif kafin ka taɓa gwangwani. Lambar da fenti ya cike ko samfefa ta gurje, in ɗan sanda ko jami'in kwastan ko VIO ya haska ta a shingen hanya, ba zai ce ado ka yi ba, zai ce ɓoyewa ka yi, kuma ranar ba za ka kwana inda ka nufa ba.

Bar murfin ya kwana biyu a ɗaki marar ƙura kafin ka mayar, ko da ya bushe a taɓi. Sayi sabon gaskit, tsohon ya riga ya sandare. Gam ɗigo kaɗan ne, a mahaɗar da kamfani ya nuna kawai, ba a zagaye baki duka da shi, rarar da ta matso ciki ita ma ragar famfo za ta tafi. Notunan ƙanana ne, sifana mai lamba 10, ka fara daga tsakiya kana fita gefe a gicciye, kaɗan-kaɗan, zagaye biyu ko uku, da yatsu uku a kan sifana, domin zaren alminiyom ba ya yafe ƙarfi. Mayar da kwayil da soket kana duba hoton da ka ɗauka, ɗaura kan batir, auna mai, tayar. Bayan tafiyar farko ka bi gefen murfin da farin tsumma, ka sake bi bayan mako guda.